Wata Shida da Akwatin Littattafan Aro a Gidana

A farkon watan Janairun bana na fara biyan kuɗin wata-wata ga wata malama da ke zaune a Samaru, wadda ta ɓullo da hanyar ba iyaye aron littattafan yara a cikin Zariya. Tsarin nata ba shi da wuyar ganewa. Uwa ko uba zai faɗa mata shekarun yaransa, da ajin da kowane yake, da harshen da ya fi sakewa da shi, ita kuma a makon farko na kowane wata sai ta aiko mai keke da akwatin roba mai murfi ɗauke da littattafai takwas, a karɓi na watan jiya a miƙa na sabon wata. Gidanmu yana Tudun Wada, yarana kuwa uku ne: babbar 'yata mai shekara 15 tana ajin farko na babbar sakandare, ƙanenta mai shekara 11 yana aji shida na firamare, sai auta mai shekara 6 da ta fara haɗa baƙi. Zuwa ƙarshen watan Yuni littattafai 48 ne suka shiga gidan nan suka fita, kuma kusan dukkansu sai da na karanta kafin in miƙa wa yara, saboda haka abin da zan faɗa abin da idona ya gani ne. Iyaye mata da dama da muke haɗuwa a Islamiyya sun tambaye ni ko abin ya ci kuɗinsa, amsar kuwa ta fi ƙarfin hirar bakin ƙofa.

Kafin wannan akwati, abin karantawar da ke gidana bai wuce littattafan makaranta ba, sai 'yan tsofaffin littattafan gwanjo na ƙasashen Turai da nakan tsinto a kasuwar Sabon Gari. Ba na raina su, don da su babbar 'yata ta koyi Turanci. Amma yaran da ke cikinsu suna wasa ne a kan ƙanƙara, suna kwana da kare a ɗaki, suna cin abincin da 'ya'yana ba su taɓa jin ƙamshinsa ba, har wata rana auta ta tambaye ni ko an hana yaran cikin littafi cin tuwo ne. Tambayar ta tsaya mini a rai, musamman da na tuna garin da muke zaune a cikinsa. A nan Zariya Hukumar Talifi ta shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a Hausar boko, a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Mu da muka taso muna sauraron Magana Jari Ce daga bakin yayyenmu mun san daɗin a ba yaro labari da harshensa, kuma abin da nake nema wa nawa yaran ke nan, amma da sababbin labarai da suka san zamanin da suke ciki.

Littafin da ya biya ni kuɗina gaba ɗaya ya zo ne a akwatin watan Fabrairu. Ɗana yana da sikila, kuma na rubuta wa malamar haka tun ranar farko, don ta san yakan yi kwanaki a kwance yana bukatar abin ɗebe kewa. Hunturun bana ya taɓa shi ƙwarai, ciwon ya tashi sau biyu, na biyun har sai da aka kwantar da mu kwana biyar ana yi masa ƙarin ruwa. Muna dawowa gida akwatin ya iso, a cikinsa kuwa akwai wani siririn littafi mai shafi 32, Hausa a hagu Turanci a dama, labarin wani yaro mai irin wannan ciwo da yake son a sa shi cikin 'yan ƙwallon unguwarsu. Marubuciyar ba ta mai da yaron abin tausayi ba. Yana da tsiwa, yana faɗa da ƙanwarsa a kan rediyo, yana ɓoye gorar ruwan da uwarsa ta ce ya shanye, a ƙarshe kuma bai zama gwanin ƙwallo ba, ya zama mai rubuta sakamakon wasa a bakin fili kuma abokansa ba sa farawa sai ya zo. A tsakiyar littafin akwai zane guda da ya nuna yadda jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, da bayanin cewa lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, mai siffar lauje kuwa da ƙyar take wuce kwana 20, shi ya sa jinin mai ciwon yake yawan yin ƙasa.

Ɗana ya karanta shi a kwance, ya juya ya sake daga farko, sannan ya ce, "Umma, ashe ana rubuta masu irin ciwona a littafi?" Da yamma da surukata ta shigo duba shi, sai ya ce, "Hajiya, zauna in karanta miki wani wuri." Ya buɗe shafin da ya yi bayanin cewa idan uwa da uba duk suna da AS, kowane ciki da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila, ya karanta mata a hankali yana bin layin da yatsa. Shekara da shekaru Hajiya tana danganta ciwon jikanta da sanyin da ya shige shi yana jariri, mu kuma nauyinta ya hana mu ja da ita. Ranar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a tabbata an yi wa sauran jikokinta gwajin jini kafin maganar aure ta taso. Abin da ni da mahaifinsu muka kasa faɗa mata tsawon shekara goma, jikanta ya karanta mata shi daga littafi cikin minti biyar, kuma ba wanda ransa ya ɓaci. Na roƙi malamar ta bar mana littafin wata guda a kan ƙa'ida, ta yarda ba tare da ta ƙara ko kwabo ba.

Rabon auta shi ne littattafan hotuna, kuma nan ne akwatin ya fi wadata. Malamar ta shaida mini cewa wasu daga ciki tana samo su ne daga rumbunan intanet da suka yarda kowa ya sauke ya buga kyauta, irin su African Storybook na ƙasar Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, waɗanda duka suna da labarai da Hausa, sauran kuma tana saye daga masu buga littattafai a Kaduna da Kano da Abuja da Legas. Akwai tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da aka sake zanawa da launi mai kyau, akwai na ƙidaya da aka yi da ƙosai da mangwaro da awaki, akwai labarin wata yarinya kurma da take koya wa 'yan ajinsu gaisuwa da hannu. Wannan na ƙarshen auta ta haddace shi, har ta je ta gwada gaisuwar a kan wani kurma mai gyaran takalmi da ke bakin layinmu, ya yi dariya ya gyara mata yadda ake riƙe yatsun. Tun daga ranar ba ta wuce shi ba ta gaishe shi.

Abin da na fi yabawa a zaɓin malamar shi ne ba ta tsaya ga yaran da suka yi kama da nawa kaɗai ba. An kawo mana labarin wata 'yar Fulani da take bin mahaifiyarta tallan nono daga ruga zuwa gari tana lissafin canji a ka, da na wani yaro ɗan masunta a bakin Tafkin Chadi, da na 'yan biyu a Legas da suke shiga motar haya su kaɗai karo na farko, da wani da aka fassaro daga Indiya a kan yaran da suke jiran saukar damina bayan dogon zafi, wanda ɗana ya ce in ban da tufafinsu da sai ya rantse a Zariya aka yi abin cikin watan Afrilu. Akwai kuma labarin maƙwabta biyu, Musulmi da Kirista, da 'ya'yansu suke kai wa juna abincin Salla da na Kirsimeti. Da muka gama shi auta ta ce ai Kirista ba sa jin Hausa, sai na ga dama ta samu na gaya mata labarin Wusasa, inda 'yan mishan suka zauna tun wajen 1929, inda akwai iyalai Hausawa Kirista kaka da kakanni, kuma inda tsohon shugaban ƙasa Yakubu Gowon ya taso. Garin da yake da Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Wusasa da Samaru, ga Jami'ar Ahmadu Bello da take tara ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasar nan tun 1962, yaransa suna bukatar littattafan da za su nuna musu cewa mutanen da suke gani a kasuwa da asibiti su ma suna da gida da kaka da abin dariya.

Sai dai sa yaro a cikin littafi daban, mutunta shi daban. Littafi guda na mayar tun kafin wata ya ƙare, ban bari ƙananan sun gani ba. Labarin wani almajiri ne, an rubuta shi da Turanci, kuma daga bangon farko zuwa na ƙarshe yaron ba shi da suna, ba shi da garin da ya fito, ba ya karatu, ba ya wasa, ba ya cewa komai in ban da bara, har sai da wani mai mota ya zo ya cece shi. Mai zanen ya cika fuskarsa da ƙuda. Na san wahalar da almajirai suke sha, don kullum suna ƙofar gidana, kuma ba na cikin masu cewa a rufe maganar. Amma almajirin da yake yi mana aike yana da suna, ya kusa sauka, ya fi ɗana iya lissafin kuɗi, kuma yana kewar mahaifiyarsa kamar kowane yaro. Littafin da ya kwashe duk wannan ya bar ƙwarya da tsumma zai koya wa 'ya'yana ƙyama ne da sunan tausayi. Na rubuta wa malamar dalilina a takarda na sa cikin akwatin, ta kira ni ta ce, "Maman yara, kin yi gaskiya, ban karanta shi da idon uwa ba," kuma ta ce ta cire shi daga cikin waɗanda take zagayawa da su.

Babban aibin da na samu a littattafan Hausar shi ne rubutun kansa. A cikin 22 da suka zo da Hausa, guda bakwai ba su da ƙugiya ko ɗaya: babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Babba yakan wuce irin wannan ba tare da ya lura ba, don ma'anar jimla takan gyara masa kalmar, amma mai koyo abin da ya gani shi yake furtawa. Na zauna kusa da auta tana karanta labarin wani jaki da ya ji ciwo, ta kai inda aka rubuta "kafa" a maimakon "ƙafa", ta furta shi yadda yake a rubuce, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, me jakin ya kafa?" A wani shafin "ƙara" ta koma "kara", yarinya tana neman karan dawa a cikin hoto alhali ƙarar tsawa ake nufi. Ga kuma matsalar raba kalma da haɗe ta, inda za a ga "ya na" a layi ɗaya, "yana" a layi na gaba, sannan "zaije" a dunƙule. Na ɗauki fensir na bi littattafan nan ina sa ƙugiya, da izinin mai su. Wannan aikin edita ne, kuma a garin da yake da sashen koyar da harsunan Afirka a jami'a da ɗaliban Hausa a manyan makarantu, ba a rasa wanda zai duba shafi 24 kafin a kai wa mai bugawa. A yau wayoyin hannu na zamani suna iya rubuta waɗannan baƙaƙe, don haka uzurin na'ura ya ƙare.

Wasu daga cikin fassararrun kuma Hausarsu ba ta sauka ba. Kalmomin na Hausa ne, amma jimlar tana tafiya da ƙafar Turanci, yaro yana ce wa mahaifiyarsa abin da ba ɗan Bahaushen da zai buɗe baki ya faɗa, ana gaida dattijo babu durƙusawa babu "ina wuni". Idan na zo karanta wa auta irin waɗannan da dare, nakan sake jimlar a bakina kafin in furta. Uku ko huɗu ne haka, sauran fassarar ta yi kyau, har akwai guda da sai a bangon baya na gane ba da Hausa aka fara rubuta shi ba.

Inda akwatin ya gaza sosai shi ne wajen babbar 'yata, ko da yake laifin ba na mai akwatin ba ne ita kaɗai. A cikin littattafai 16 da aka aiko dominta, biyu ne kacal na Hausa, su ma tsofaffi ne da aka sake bugawa saboda masu jarrabawa. Sauran na Turanci ne daga marubutan Najeriya da Ghana da Kenya, kuma wasunsu sun yi kyau ƙwarai: akwai na wata yarinya a makarantar kwana da take fama da 'yan ajin da suka sa ta a gaba, akwai na wasu 'yan gudun hijira da suka fara sabuwar rayuwa a gidan kawunsu, wanda ta karanta cikin dare biyu ta fito da idanu jawur. Da na miƙa mata ɗaya daga cikin na Hausar ƙannenta, sai ta ce, "Umma, wannan ai na yara ne." Ta yi gaskiya. Tsakanin littafin hotuna da littafin soyayya na manya akwai wani fili mai faɗi da babu kowa a cikinsa. Yarinya mai shekara 15 da take son karanta Hausa, abin da ke gabanta shi ne littattafan da suka samo asali daga adabin kasuwar Kano tun shekarun 1980, waɗanda yanzu suka koma waya ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad. A cikinsu akwai masu kyau da tarbiyya, na karanta da yawa ina budurwa kuma su suka zaunar mini da karatun Hausa, amma yawancinsu maganar aure ce da kishi da zaman gidan miji, an rubuta su ne don matan da suka girme ta, kuma a waya babu mai tace wanda ya dace da ita.

Abin da nake nema mata bai fi ƙarfin marubutanmu ba. Ina son labarin yarinyar da take shirin JAMB alhali ana maganar aurenta a tsakar gida, da na yaron da yake koyon gyaran waya bayan an tashi makaranta, da na ƙawaye da wayar hannu ta shiga tsakaninsu, da na 'yan makarantar da suka bi sawun tsohuwar ganuwar Zazzau ko suka hau dutsen Kufena suna neman tarihin Sarauniya Amina, da labaran bincike da na kimiyya da na ban dariya. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa akwai mata masu alƙalami da suke iya rubuta gajeren labari mai ratsa zuciya a kan rayuwar yau. Babbar kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, mai dala 100,000, takan zagayo kan adabin yara duk bayan shekara huɗu, amma littattafan Turanci ne suke cin ta, marubucin Hausa kuwa da zai zauna ya rubuta wa ɗan shekara 14 ba shi da irin wannan abin da zai sa rai a kai, ga tsadar takarda, ga rashin tabbacin mai saye. Malamar ta ce mini tana neman irin waɗannan littattafai ruwa a jallo, duk wanda ta samu za ta saya, kuma na yarda da ita don na zagaya shagunan littattafai da kaina na dawo hannu rabbana.

Ta fuskar hidima ba ni da ƙorafi mai yawa. Sau biyu akwatin ya makara, na watan Mayu har da kwana tara, kuma ba a sanar da ni ba sai da na kira. Littattafan da ta buga da kanta an ɗinke su ne da ƙusar takarda guda biyu, tsakiyarsu takan zare bayan sun bi ta hannun gidaje uku ko huɗu, ga bangon ba shi da leda, hannun yaro mai maiƙo yana taɓa shi ya bar shaida. Ƙa'idarta ita ce wanda ya yaga ko ya ɓatar ya biya kuɗin sabo, mun kuwa biya sau ɗaya da auta ta zubar da kunu a kan na ƙidaya, kuma ban ga rashin adalci a ciki ba. Kuɗin watan bai kai abin da zan kashe in sayi sababbin littattafan hotuna biyu ba, ga shi takwas ake kawowa har ƙofar gida.

Ga mai yara daga shekara 4 zuwa 12, ina ba da shawarar a shiga ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin uwa ko uba su riƙa leƙa kowane littafi kafin ya kai hannun yaro, su kuma ware ko da minti goma sha biyar bayan sallar isha'i a karanta tare, don na lura littafin da muka karanta da baki shi yaran suke komawa gare shi su kaɗai. Mai 'ya'ya matasa da suke jin Turanci zai samu abin da zai amfane su, amma wanda yake nema musu na Hausa ya rage buri tukuna.

Na sabunta biyan kuɗina na wata shida masu zuwa, na kuma haɗa da buƙatu uku a rubuce: a riƙa duba ƙugiya kafin a buga, a sa wa bangon leda ko da za a ƙara wani abu a kan kuɗin, a kuma sanar da mu idan akwati zai makara. Babbar 'yata ta sa tata takardar a ciki tana neman a ƙaro mata irin na 'yan gudun hijirar nan. Ɗana kuwa ya karɓi sabon littafin rubutu mai shafi 40 daga wurin mahaifinsa, ya cika shafi goma sha ɗaya da labarin kwana biyar ɗin da muka yi a asibiti, ya ce idan ya gama in ba malamar ta karanta, kuma ya roƙe ni in bi masa shi da fensir in duba ko ya manta ƙugiya a wani wuri.